Sunan Ƙanen Suwaiba

To, ku gyara zama, mai goro ya ɓare ya miƙo. Abin da na zo muku da shi yau shari'a ce, ku ne kuma alƙalan. Sai dai ina roƙon arziki, kada wanda ya tari numfashina sai na kai aya, don na san halin wasunku, tun mai magana bai rufe baki ba sun yanke hukunci.

A wani gari na bakin gulbi da ake kira Tungar Ɗorawa akwai wata mace, sunanta Hansai. Mijinta Tanimu direban babbar mota ne, yana kai albasa Kudu, in ya tafi sai a daɗe ba a ga ƙeyarsa ba. Suna da 'ya ɗaya, Suwaiba, 'yar shekara huɗu, mai surutu kamar an kunna rediyo, ga kuma tsohon ciki Hansai na fama da shi. Suwaiba 'yar fari ce, kun kuwa san yadda matan ƙauye suke da 'ya'yan fari. Tun ranar da aka raɗa wa yarinyar nan suna, bai taɓa fita daga bakin uwarta ba. Daga "ke" sai "waccan" sai "'yar gidan nan". In yarinya ta faɗi a gaban mutane, Hansai kau da kai take yi ta bar wata ta ɗaga ta, alhali zuciyarta na can ƙasa tare da ita. Son ta take kamar ranta, amma kunya ta hana a gani.

Hansai na da 'yan'uwa maza uku, uwa ɗaya uba ɗaya. Babbansu Isiyaku, shi ya gaji maƙerar mahaifinsu, ƙato ne mai faɗa, wanda bai yarda da asibiti ba ko kaɗan, cewa yake can ne ake kai mutum da ƙafarsa a dawo da shi a kwance. Mai bi masa Badamasi, shi ya yi karatun kiwon lafiya, shi kaɗai ke riƙe da ɗakin shan maganin garin. Sai autansu Haladu, ƙanen Hansai, mai in'ina. Tun yana yaro dariyar 'yan zaman maƙera ta kore shi zuwa bakin gulbi, ya zama mai kwale-kwale, don ruwa ba ya tambayar mutum komai. Haladu kan wuni bai haɗa kalma goma ba, a gaban yayyensa kuwa sai dai gyaɗa kai.

Ana tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai, sauro ya yi yawa har ba a magana, zazzaɓi ya kama Suwaiba. Hansai ta jiƙa mata farasitamol, jiki ya yi sanyi, ya sake ɗaukar zafi. Washegari da hantsi tana cikin tankaɗe ta ji wani irin gurnani a bayanta. Ko da ta waiga, yarinya na ƙasa, idanu sun kakkafe sama, haƙora sun datse, hannu da ƙafa sai fizga suke, kumfa na fita ta gefen baki. Jijjiga ce, wadda zazzaɓin cizon sauro kan kawo in ya hau kan yaro. A ranar Hansai ba ta jira wata ta ɗaga mata 'ya ba. Ta sure ta da cikinta da komai, ta yi maƙera da gudu ko mayafi babu.

Isiyaku ya yi abin da ya ga iyaye na yi. Ya ɓamɓare bakin yarinya ya cusa cokali, ya ɗebo garwashi ya zuba ƙaiƙayi da sassaƙe, ya kara fuskarta a hayaƙi. Jijjiga ba ta ko rage ba, sai tari da ya ƙaru. Hansai ta durƙusa ta ce, "Yaya, don Allah mu kai ta wurin Yaya Badamasi." Ya harare ta, ya dubi yarinya, ya saɓa ta a kafaɗa ya zura da gudu. Hansai na biye, tana haki, ruwa ya fara sauka. A ƙofar ɗakin shan magani, inda mata suka cika baranda da 'ya'yansu marasa lafiya, ta ɗaga hannu sama ta faɗi maganar da ta jawo mana wannan zama. Ta ce, "Ya Allah, in ka bar mini yarinyar nan, abin da ke cikina zai ci sunan wanda ya zama sanadin tashinta." Mata sun ji, Isiyaku ya ji, babu mai cewa ba a yi ba.

To, ga abin da Badamasi ya yi.

Yana karɓar ta ya zare cokalin ya yi jifa da shi, ya kwantar da ita a gefenta don kada yawu ya shaƙe ta. Ya nemi jijiya a hannu, hannu na fizga, jijiyar yaro kuwa kamar zare, ta ɓuya. Isiyaku ya ce a danna mata allura a cinya kowa ya huta. Badamasi ya ce wannan maganin in aka soka shi a tsoka zama yake yi a wurin, yana tsiyaya cikin jini kaɗan-kaɗan, kafin ya isa inda ake nemansa ɓarna ta riga ta yi nisa. Ya rungumi yarinya ya hau sikeli, ya miƙa ta ga uwarta ya sake hawa shi kaɗai, ya fitar da nauyinta, don maganin sa barci da nauyin yaro ake auna shi, ba da yawan tashin hankalin iyaye ba. Ya zuƙi ruwan maganin a sirinji, ya cire allurar, ya zuba mata ta dubura ya matse. Isiyaku ya yi tsaki, ya ce yau ya ga abin kunya, ya fice baranda ya juya baya.

Hansai dai ba ta fita ba. Badamasi yana riƙe da yarinya yana yi mata bayani a hankali, don ya ga in bai yi magana ba ita ma za ta faɗi. Ya ce a wurin nan jijiyoyin jini a kusa suke, nan da nan jini ke kwasar maganin ya kai shi ƙwaƙwalwa. Jijjiga kuwa ƙwaƙwalwa ce ta hargitse, ko'ina na ba da umarni lokaci guda, aikin maganin shi ne ya sa ta yi shiru. Bai gama rufe baki ba fizgar ta fara lafawa, yatsun da suka dunƙule suka saki, jiki ya yi laushi. Hansai ta sauke ajiyar zuciya, ta ɗauka an gama.

Badamasi ya ce ba a gama ba. Ya yi wa yarinya allurar zazzaɓin cizon sauro, ya ce wancan na farko kwantar da jijjiga kawai yake yi, ba ya kashe ko ƙwayar cuta ɗaya. Ya ƙara da cewa maganin jijjigar yana da wani hali: yadda yake saurin shiga ƙwaƙwalwa haka yake saurin barin ta, amma ba ya barin jiki, sai ya koma ya laɓe a kitse da tsoka. Kamar baƙo ne da ya tashi daga zaure, ka ɗauka ya tafi, ashe yana cikin gida. Saboda haka jijjiga na iya dawowa alhali maganin na nan, in kuma aka yi ta ƙarawa sai ya taru ya danne numfashi.

Kamar jira take ya faɗa. Ba a jima ba gefen bakin Suwaiba ya fara motsi, hannu ya ɗauka, jiki duka ya ɗauka, wannan karon har ta fi ta farko. Badamasi ya tsaya da sirinji a hannu, gumi na bin wuyansa duk da sanyin ruwan sama. Ya san in ya bar ta tana jijjiga har a ƙetare gulbi zuwa babban asibiti, ko ta rayu ba lalle ta tashi da hankalinta ba. Ya san kuma in ya ƙara, ya matsa da ita kusa da inda numfashi ke tsayawa, kuma 'yar ƙanwarsa ce, in abin ya ɓaci shi za a nuna da yatsa har ya mutu. Ya yi bisimilla ya ba ta na biyu. Jijjiga ta kwanta.

Ya ce maza a ƙetara da ita babban asibiti. Shi ba shi da halin bin su, ga yara a baranda, biyu ma ana yi musu ƙarin ruwa, in ya tafi babu mai kallon su. Waya kuma ba sabis, ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Ya kama kafaɗar Hansai ya ce, "Ki faɗa musu sau biyu na ba ta maganin jijjiga, ta dubura. Sau biyu, kin ji? Kada su ƙara irinsa." Ta gyaɗa kai. Isiyaku na waje yana huci, bai ji ba. Amma Haladu, wanda labari ya iske a bakin ruwa ya sheƙo, yana tsaye jikin ƙofa shiru, ya ji.

Wannan na Badamasi ke nan. Ga na Haladu.

Da suka isa mashaya suka tarar gulbi ya kawo, ya yi jawur, yana tafe da itatuwa da jinkar rumbuna. Duk masu jirage sun janye nasu tudu. Tsofaffinsu suka ce ko aljani ba zai shiga ruwan nan ba, a jira ya sauka zuwa gobe. Hansai ta dubi yarinya a kafaɗar Isiyaku, ta san babu wata gobe. Haladu bai yi musu da kowa ba, dama ina bakin musun? Ya tura kwale-kwalensa ruwa, ya riƙe shi da ƙirji har suka shiga, ya lulluɓe Suwaiba da ledar da yake rufe kaya. Bai yanki gulbin kai tsaye ba. Ya bi gefen gaɓa yana haurawa sama, yana dafa gora, har mutanen tudu suka fara cewa ya ruɗe. Sai da ya yi nisa sannan ya ajiye gora ya ɗauki filafili, ya saki jirgi ya karkata shi, ya bar ƙarfin ruwan da kansa yana tura su zuwa ɗaya gaɓar.

Isiyaku, wanda ke kama jan ƙarfe yana dariya, ranar ya runtse ido yana kwarfar ruwa da ƙwarya, yana karanto duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa. A tsakiya wani kututture ya taho musu gadan-gadan. Haladu ya tokare shi da filafili, filafili ya tsage, ya ci gaba da tuƙi da ɓarin da ya rage har tafin hannunsa ya yayyage. Suka fita can ƙasa da mashaya, a cikin gonar wani, suka hau tudu, wani mai a-kori-kura ya kwashe su zuwa asibiti.

A ɗakin yara suka sami malamar jinya guda ɗaya, Sista Ramatu, ga gadaje cike har ana kwantar da yara bibbiyu. Ana shimfiɗe Suwaiba gefen bakinta ya sake fara motsi. Sista ta sami jijiya, ta zuƙi magani a sirinji, irin wanda Badamasi ya bayar sak, ta tambaya ko ɗago kai ba ta yi ba, "An ba ta wani abu kafin ku zo?"

A nan ne Hansai ta yi kuskuren da matanmu suka saba yi. Kun san abin da suke faɗa wa juna a bakin rijiya: in kin je asibiti aka tambaye ki, ki ce ba a ba yaro komai ba, in ba haka ba su yi ta yi miki faɗa su bar ki a layi. Wannan magana ta faɗo mata. Ta tuna Badamasi, ta ji tsoron kada a ce ya yi laifi a raba shi da aikinsa. Ga kunyar faɗin ta inda aka ba da maganin, a gaban wanta, a kan 'yar fari. Duk suka haɗu a kanta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "A'a."

Sista ta kai sirinji bakin jijiya. Sai ga wani hannu mai jini ya rufe hannun yarinyar. Haladu ne. Sista ta daka masa tsawa ya janye, ya ƙi. Bakinsa na rawa, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, maganar ta tsaya masa a maƙogwaro, matan da ke jinya duk sun zuba masa ido, wata har ta fara ƙunshe dariya. Mutumin da bai taɓa musa wa yayarsa ba ko a ɗaki, yau zai ƙaryata ta a bainar jama'a. Ya buga ƙafa a ƙasa ya ce, "S-s-sau... sau b-biyu. An ba ta. S-sau biyu."

Sista ta dube shi, ta janye sirinjin, ta ce ya faɗa a hankali tana ji. Ya kwashe lokaci, amma ya faɗi duka: wane ne ya bayar, ta ina, da cewa tun da hantsi ne, da gargaɗin kada a ƙara. Ta ajiye sirinjin can nesa. Ba ta yi wa Hansai faɗan da take tsoro ba, cewa kawai ta yi, "Baiwar Allah, da na tura mata na uku ta jijiya, da sai dai wani labarin." Hansai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, ta kasa ko kallon ƙanenta.

Wannan na Haladu ke nan. Saura Isiyaku.

Sista ta soki yatsan yarinya ta auna, ta ga sukarin jininta ya yi ƙasa, ta tura mata ruwan sukari. Likita ya leƙo daga ɗakin tiyata ya duba, ya ce a ba ta wani maganin jijjiga daban, mai shiga a hankali ya daɗe yana aiki, ya koma kan wanda ya bari a kwance. Tana ba da shi tana gaya musu gaskiya, cewa wannan zai je ya tarar da ragowar na farko a jiki, in sun haɗu numfashi na iya yin rauni, amma barin jijjigar ya fi haɗari. Tunda yanzu ta san abin da ke jikin yarinyar, ta ɗauko wata jakar roba mai kamar gora, da marfin da ake kifawa a hanci da baki, ta ajiye a kan gadon. Injin iska na nan a kusurwa, amma an ɗauke wuta tun da aka fara ruwa.

Jijjiga ta tafi, ba ta ƙara dawowa ba. Sai dai ƙirjin Suwaiba ya fara jinkiri. Ta ja numfashi, a jira, a jira, sannan ta ja wani. Leɓɓanta suka fara duhu. Sista ta kifa mata marfin ta shiga matsa jakar, ƙirji na ɗagawa yana sauka, launi ya dawo. Ana cikin haka aka shigo da wani yaro a guje, shi ma yana jijjiga, uwarsa na kururuwa. Sista ta dubi yaron, ta dubi Suwaiba, hannu biyu Allah ya ba ta. Ta dubi Hansai, jikinta ɓari yake ko kofi ba za ta iya riƙewa ba. Ta dubi hannun Haladu, duk a yayyage. Sai Isiyaku, wanda tun shigowarsu yake manne da bango kamar an kawo shi kotu, ya matso ya ce, "Malama, wannan abin ai zuga-zugi ne. Ba ni."

Ta ɗora hannunsa a kai. Matsar farko da ya yi, ta buge masa hannu ta ce ba ƙarfe yake narkarwa ba, huhun yaro ne, ya matsa daidai yadda ƙirji zai ɗaga kawai ya saki. Ƙaton da ba a gaya masa magana a garinsu ya ce to. Ta nuna masa yadda zai tallafi haɓa da ɗaya hannun kada iska ta zurare, ta tsaya ta ga ya kama, ta ruga wurin ɗaya yaron. Abin da maƙeri ya fi kowa sani shi ne kada iska ta yanke kuma kada ta yi yawa, tun yana ɗan shekara bakwai yake wannan a gaban mahaifinsa. Ya daidaita hannunsa, matsa, saki, matsa, saki, kamar an saita agogo.

Da Sista ta zagayo, Hansai ta tambaye ta yaushe yarinya za ta yi numfashi da kanta. Ta ce hanta ce ke niƙe maganin a hankali har jiki ya fitar da shi, babu mai iya sa ta sauri, balle hantar yaron da zazzaɓi ya galabaitar. Ta ce, "Mu namu mu ara mata numfashi har ta gama." Aka kira azahar Isiyaku na matsawa. Ruwa ya ɗauke, rana ta fito, aka kira la'asar, yana matsawa. Damtsensa ya ɗaure, yatsunsa suka sandare, ya sauya hannu ba tare da ya tsallake ko ɗaya ba. Haladu ya yi masa alamar ya karɓe shi, ya girgiza kai. Ba ya kallon kowa sai ƙirjin nan ɗan ƙarami.

Hansai na durƙushe a bakin gado. Ta ga rana na sunkuyawa, ta ga yarinya ko motsi ba ta yi, tsoro ya cika ta, irin wanda ba ya barin wurin kunya. Ta kai bakinta kunnen 'yarta, a gaban wanta da ƙanenta da matan ɗaki duka, ta ce, "Suwaiba. Suwaiba, ni ce. Ki dawo, Suwaiba." Isiyaku ya yi kamar bai ji ba, amma hawaye na bin gemunsa yana ɗiga a kan jakar.

Gab da faɗuwar rana ya ji wani abu a tafin hannunsa. Kafin ya matsa, jakar ta ɗan lotsa da kanta. Ya dakata kaɗan, ta sake lotsawa. Yarinya ce ke jan iska. Ya kira Sista da muryar da ta firgita ɗakin duka. Ta zo ta sa shi ya riƙa taimaka mata sama-sama, yana bin numfashinta maimakon ya ja ta, har ta ga ƙirji na tashi da ƙarfinsa, sannan ta ɗage marfin. Sai da aka ɓamɓare yatsun Isiyaku daga jikin jakar, don sun ƙi buɗuwa. Ya fita ya rama sallolinsa, aka ce ya daɗe a sujada.

Washegari Suwaiba ta buɗe ido. Da aka ƙara kwana ta ce ƙosai take so, kuma ba na asibiti ba. Aka ƙarasa mata alluran zazzaɓi, aka sallame su, ta koma gida da ƙafarta da hankalinta da surutunta, har ma ya ƙaru. Tanimu ya dawo daga Kudu ya ji abin da ya faru, ya bi surukansa ɗaya bayan ɗaya yana godiya. Da kaka ta yi, an fara yankan gero, Hansai ta sauka lafiya.

Na ga bakin wasunku na motsi, za ku ce ai malamar asibiti ce ta yi aikin. Ita ma Hansai ta yi wannan tunanin, ta ce in mace ce Ramatu za a sa, kowa ya huta. To, Allah da ikonsa, namiji ta haifa. Tanimu kuma ya ce ko da yake sa suna hakkin uba ne, alkawari da Ubangiji aka yi, ba zai shiga tsakani ba. Ita ta ɗauka, ita za ta faɗa masa sunan, shi kuma ya kai wa liman.

Nan gari ya rabu. Matan da suke baranda ranar suka ce Badamasi ne. Shi ya tsayar da jijjigar tun tana ɗanya, shi ya san ta inda magani zai isa da sauri da yadda za a auna shi, shi ya ɗauki nauyin na biyu a wuyansa, shi kuma ya ba da saƙon da Haladu ya isar. Ba don shi ba, da gawa za a sa a jirgi, ko yarinyar da ba za ta ƙara gane uwarta ba. Masu ja da su suka ce ai maganin nasa ne ya je ya danne numfashin, kuma shi bai ko jiƙa ƙafarsa a gulbi ba.

Masu jirage suka ce Haladu ne. Shi ya shiga ruwan da kowa ya guda, ya sa ransa a ciki. Kuma ƙetare gulbin ma wasa ne a kan buɗe bakin da ya yi, don duk wanda ya san Haladu ya san wanne ya fi masa wuya. Ba don shi ba, da na uku ya shiga jijiya, da babu numfashin da za a ara wa kowa. Masu ja da su suka ce saƙon wani ya ɗauka, ba iliminsa ba ne, tuƙi kuwa sana'arsa ce.

'Yan zaman maƙera suka ce Isiyaku ne. Sauran biyun kowa ya yi nasa ya gama, shi kuwa wuni ya yi yana numfashi a madadin yarinya, da ya yi sakaci kaɗan da duk wahalar sauran ta tashi a banza. Ga shi ya sauke girman kansa a gidan da ya fi ƙi, ya bar mace ta buge masa hannu ya ce to. Masu ja da su suka ce a tuna da cokali da hayaƙi, da lokacin da ya ɓata a maƙera.

Su kansu 'yan'uwan ba su taimaka ba. Badamasi ya ce a ba Yaya. Isiyaku ya ce shi da ya kusa shaƙe yarinya da hayaƙi, a ba auta. Haladu ya nuna Badamasi da baki ya koma bakin ruwa abinsa.

Ana gobe suna, Hansai ta rasa yadda za ta yi, ta jawo Suwaiba jikinta ta tambaye ta wane kawu ta tuna a ranar da ba ta da lafiya. Dama Badamasi ya faɗa mata cewa da ciwon da maganin duk suna shafe abin da ya faru daga ƙwaƙwalwar yaro, amma ta ce bari dai ta gwada. Suwaiba na wasa da yatsun jariri. Ta ce ba ta tuna jirgi ba, ba ta tuna asibiti ba, ba ta ga kawu ko ɗaya ba. Ta ce, "Ni dai na ji kin kira sunana, Inna. Sau uku." Hansai ta rungume ta ta yi kuka mai isarta, amma ba ta sami amsar da take nema ba.

Gari ya waye, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, rago na ɗaure, an raba goro, liman ya zauna. Ga Isiyaku, ga Badamasi, ga Haladu a jere, kowa ya sunkuyar da kai. Tanimu ya shigo cikin gida ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ya durƙusa ya miƙa kunnensa. Hansai na zaune da jariri a cinya, Suwaiba na jingine da kafaɗarta tana numfashi lafiya lau. Yaro ɗaya ne, suna ɗaya zai ci, alkawari kuma ba ya tashi.

Ni a nan nawa ya tsaya, liman na jira. Da wanda ya kwantar da jijjigar, da wanda ya ƙetare ruwa ya buɗe baki, da wanda ya ara mata numfashi, sunan wa Hansai za ta raɗa a kunnen mijinta?